Wa Ya Taɓa Tafiya da Abdulbaƙi?

Ba kallo ne ya fara haɗa su ba, wani dogon abu ne da ya tare hanya a motar Ikara. Motar ta kusa cika a tashar Makarfi, abin nan kuwa ya miƙe tun daga bayan direba har kujerar baya, baƙi, mai faɗi a kowane kai. Khairunnisa ta ɗaga ƙafa za ta tsallake, sai gefen hijabinta ya maƙale a jikinsa.

"Wannan kuma muciyar wace ƙatuwar tukunya ce?" in ji kakarta Hajo, da ke biye da ita tana haki. "Kai ɗan nan, tuwon gari guda ake tuƙawa a gidanku?"

Mota ta kwashe da dariya. Saurayin da ke riƙe da abin ya sunkuya da sauri ya zare hijabin, yana ta ba da haƙuri.

"Ba muciya ba ce, Hajiya. Filafili ne, na kwale-kwale."

"Kwale-kwale a ƙasar rake da dawa? To Allah ya kyauta."

Khairunnisa ta zauna ta haɗe fuska, wai ita an ɓata mata rai. Amma dariyar da take dannewa ta ƙi dannuwa, har kumatunta suka loɓa. Shi kuwa ya gani. Kallo ɗaya ya yi ya sauke ido, daga nan bai ƙara sanin inda motar take ba.

Kafin a isa Ikara, Hajo ta tatse shi tas. Sunansa Abdulbaƙi, ɗan Malam Lawal manomi a Likoro. Wani Bature da ya zo aikin noman rani a dam ɗin da ke kusa da Ikara ne ya gan shi yana ninkaya, ya koya masa tuƙa ɗan ƙaramin kwale-kwalen roba na mutum ɗaya, wanda suke kira kayak, daga baya ya samo masa tallafin karatu a waje. Makarantar sakandare ce, amma ba ta da gini, ba ta da gari. Ɗalibai da malamai suna cikin mota, kwale-kwalensu a ɗaure a sama, suna bin koguna ƙasa-ƙasa. Da safe karatu, da rana ruwa. Yanzu hutu ya zo, saura masa shekarar ƙarshe, zai je dam ne ya motsa hannu.

"Makaranta ba gari," in ji Hajo tana jinjina kai. "Ni dai na ga miji. Ke Hairu, matsa can, kar ki sa mini ido a kansa."

"Hajo, don Allah ki bari mana," in ji Khairunnisa, ta juya tana kallon gonakin masara kamar yau ta fara ganinsu.

Washegari da hantsi saƙo ya shigo wayarta.

"Assalamu alaikum. Mai Muciya ne. Hajo ce ta miƙo mini wayarta ta ce in nemi sunan da aka rubuta Mai Tsiwa. In laifi ne, ita za a kama."

Ta karanta ya fi a ƙirga kafin ta amsa.

"Wa alaikumus salam. Zan kama ta, kai ma ba ka tsira ba."

Khairunnisa 'yar Malam Ja'afaru ce, malamin da zaurensa a Ikara ba ya rabo da masu ɗaukar karatu. Tana kwalejin kiwon lafiya a Makarfi, a gida kuma ta yi karatu a gaban mahaifinta tun tana ƙarama. Ba gidan da ake tsayawa a ƙofa haka kawai ba ne. Sai da baffan Abdulbaƙi ya zo ya nema masa izini, sannan aka bar shi ya riƙa zuwa bayan la'asar, Hajo na zaune a gefe tana ɓarar gyaɗa, kunnenta kuwa duk yana wurinsu.

Ranar da ya zo sallama, ya daɗe yana juya hularsa a hannu.

"Kin san abin da mai kwale-kwale ya fi so a duniya?"

"Ruwa mana."

"A'a. Tudu. In ka sha wuya a ruwa, ba abin da idonka ke nema sai inda za ka sa ƙafa. Ni dai na samu nawa. Ki yarda in riƙa kiranki Tuduna."

Ta rufe fuska da hijabi. Hajo ta yi tari na ƙarya, ta ce gyaɗa ce ta shaƙe ta.

Daga nan soyayya ta koma waya. Kuma wallahi ta yi daɗi, don Abdulbaƙi mutum ne mai ba da labari.

"Tuduna, yau ajinmu a ƙarƙashin wata gada ne a Kanada. Mun kife kwale-kwale mun ɗora littattafai a kai. Malamin lissafi na tsakiyar bayani ruwan sama ya sauko, muka ƙarasa darasin a cikin mota, gwiwa na gugar gwiwa. Bayan azahar muka shiga kogi. Sanyin ruwan nan har cikin haƙori yake shiga."

"Wato ba allo, ba ƙararrawa, ba fili? Mai Muciya, wannan ai yawo ne da littafi."

"Yawon da ake jarrabawa a cikinsa? Wanda ya faɗi lissafi ba ya shiga ruwa sai ya gyara. Jiya wani ɗan Jamus ya wuni a bakin kogi da littafi yana kallonmu kamar zai yi kuka."

Wata rana kuma:

"Yau layin girkina ne. Na yi musu dafa-duka da yajin da Hajo ta ba ni. Ɗan Jamus ɗin nan ya yi hawaye, ya sha ruwa, ya miƙo kwano a ƙara masa. Ki gaya mata yajinta ya yi suna."

"Ta ce a gaya maka kar ka ƙarar mata da yaji a kan waɗanda ba su san darajarsa ba. Ni kuma na ce ka ci abinci sosai, na ga wuyanka ya fito a hoto."

Ya ba ta labarin yadda ake koyon tashi idan kwale-kwale ya kife da mutum, kai a ƙasa cikin ruwa, sai ka buga filafili ka murɗa ƙugu ka dawo sama. Ya ba ta labarin babban malaminsu, wani tsohon Bature mai farin gemu da shi ya laƙaba wa Sarkin Ruwa, da kuma dokarsa da ba ta da sassauci: ba wanda zai gangara inda ruwa ke dukan duwatsu sai akwai wani tsaye a bakin kogi riƙe da igiya. Da suka isa Yuganda ya rubuto mata cewa a can alƙibla wajen arewa take, ya yi kwanaki jikinsa na juyawa gabas da kansa. Ta yi dariya har Hajo ta leƙo ta ce ko aljanu ne.

Suna ƙasar Chile ne ta tsokane shi. Ba da wata manufa ba, tsiwar ce dai da Hajo ta faɗa.

"Kullum hoton tukunya da tanti. Ni fa ban taɓa ganin ka a cikin ruwan nan ba. Ko dai Hajo ta yi gaskiya, muciya ce?"

Bai amsa ba ranar. Bai amsa ba washegari. Ta kira, waya a kashe. Ta shiga aji ba ta san abin da ake koyarwa ba, ta dawo ta kasa cin abinci. Sai bayan kwanaki saƙo ya zo.

"Tuduna, yi haƙuri. Na ɗan yi rashin lafiya, amma na warke sarai. Kar ki damu."

Ta yi kuka, ta yi masa faɗa, ta yi masa addu'a, magana ta wuce.

Da damina ta zagayo ya dawo gida da takardar kammalawa. Ya samu gurbin karatu a Zariya, yana noma tare da mahaifinsa, ranar Asabar kuma yana koya wa samari ninkaya a dam. Bai ɓata lokaci ba, manyansa suka zo Ikara da goro. Malam Ja'afaru ya karɓe su da mutunci, ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike, kamar yadda ake yi.

To nan fa aka samu cikas. Waɗanda aka aika Likoro sun dawo da yabo: gidan mutunci ne, uban mutumin kirki ne, yaron ma da yana ƙarami ba a san shi da rigima ba. Amma shekarun nan da yaro ke zama mutum, ba wanda ya ce ya san komai. Limamin unguwarsu ya ce sai da hutu yake ganinsa. Maƙwabta suka ce sun ji dai yana ƙasar Turawa yana wasan ruwa.

Malam ya kira Khairunnisa ɗakinsa. Ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Ba zan yi miki dole ba, kin san ba halina ba ne," in ji shi. "Amma ba zan ɗauki 'yata in ba mutumin da ba mai shaidarsa ba. Wane limami ne zai ce yana ganinsa a sahu? Wane maƙwabci ne zai ce ga halinsa? Yau yana wannan ƙasa, gobe yana waccan, maza da mata a mota ɗaya. Wa zan tambaya?"

Ta fito idonta jawur.

Akwai kuma Saminu, tsohon ɗalibin Malam daga Dandamisa, ma'aikaci a sakatariya, wanda ba a taɓa rasa shi a sahun gaba ba. Ya daɗe yana son Khairunnisa, ita kuwa gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Ba mugu ba ne Saminu, kishi ne dai ya yi masa jagora. Ya shiga shafin makarantar ya yi ta tono har ya ci karo da wani hoto, ya nuna wa Malam, ya kuma turo mata.

Abdulbaƙi ne kwance a kan dutse, jiƙe sharkaf, wata Baturiya ta rungumo shi ta baya, kansa a kafaɗarta.

Ta tura wa Abdulbaƙi hoton.

"Wace ce?"

"'Yar ajinmu ce. Wallahi ba abin da kike tsammani ba ne."

"To mene ne?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, tana gani.

"Tuduna, akwai abin da ba na so ki sani. Ki yarda da ni kawai."

Kai, Abdulbaƙi! Duk amsoshin duniya ka rasa wadda za ka bayar sai wannan? Ta kife wayar. Ya kira har ya gaji, ba ta ɗaga ba. Malam kuma ya aika Likoro cewa a dakata da zuwa zance. Gida ya yi tsit, har Hajo ta daina tsokana, tana dai bin jikarta da ido tana ganin yadda take ramewa.

Wata la'asar Khairunnisa na tsakar gida tana tsintar wake, muryar Malam na fitowa daga zaure. Karatun ranar a kan ba da shaida ne.

"Idan mutum ya ce ya san wane, kar ku karɓa da sauri," Malam ke faɗa wa ɗalibansa. "Ku tambaye shi, ka taɓa tafiya da shi? Ganin mutum yana ruku'u a masallaci bai wadatar ba, kowa na iya gyara tsayuwarsa in ana kallo. A tafiya ne ake jin yunwa, a gaji, a tsorata. Wanda ya ga mutum a waɗannan halaye shi ne ya san shi."

Ta saki waken da ke hannunta. Ta san karatun nan, ta ɗauke shi a gabansa tun tuni, amma yau ne ta ji shi. Ta tashi ta faɗa ɗakin Hajo.

"Hajo, kin ji abin da Malam ya ce? Ai in tafiya ce, ba wanda aka yi tafiya da shi kamar mutumin nan."

"Na ɗauka fushi kike yi da mijin nawa."

"Ina yi. Shi ya sa nake so in ji gaskiya, ko da za ta kashe ni."

Hajo ta gyara ɗaurin ɗankwali. Ba ta faɗin sunan Malam, ɗanta ne na fari. "In an tashi karatu ki ce wa mai zauren nan ina kira."

Malam ya zo ya zauna a ƙasa gaban mahaifiyarsa. Ta mayar masa da karatunsa kalma-kalma, har da yadda yake ɗaga yatsa. Ya shafa gemu, sai ya yi ɗan murmushi.

"Inna, karatuna ne ya kama ni. Sai dai mutanen da ya yi tafiyar da su ba musulmi ba ne."

"Gaban alƙali za ka kai su? Tambaya ce za ka yi, ka auna da hankalin da Allah ya ba ka."

Aka sa rana. Aka kira Abdulbaƙi da baffansa, aka ce ya haɗa kiran bidiyo da Sarkin Ruwa, shi kuma ya koma bakin ƙofar zaure ya zauna, ba a yarda ya ce uffan ba. Saminu ya matso ya ce shi zai yi tafinta.

"A'a," in ji Malam. "Kai kana da buƙata a maganar. Ita ma tana da ita, amma ita fushi take yi da shi, ba za ta yi masa ado ba. Khairunnisa, zo ki zauna nan. Duk abin da ya faɗa ki faɗa mini, ba ragi ba ƙari."

Ta zauna a bayan mahaifinta, ba ta ko kalli ƙofa ba. Aka jingina wayar a jikin buta. Tsohon ya bayyana zaune a kan kifaffen kwale-kwale, rana ta ƙona masa hanci, a can hantsi ne. Bayan gaisuwa Malam ya fara.

"Tambaye shi, ya taɓa tafiya da yaron nan?"

Ta tambaya. Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya ya yi magana.

"Ya ce shekara uku suna mota ɗaya, tukunya ɗaya. Ya ce ko a cikin mutum ɗari zai gane minsharinsa."

Baffan Abdulbaƙi ya danne dariya da gefen babbar riga.

"Yaya yake in ya gaji, ko ya ji yunwa?"

"Ya ce in ya gaji shiru yake yi. In ya ji yunwa tashi yake ya ɗora tukunya. Ya ce da azumi bai taɓa neman a ɗauke masa layin girki ba, yakan dafa musu bai ɗanɗana ba, sai dai gishiri kan yi yawa."

"Salla fa?"

Wannan karon tsohon ya daɗe yana bayani, yana nuna sama da hannu.

"Ya ce shi bai san sunayen sallolin ba, amma ya san lokutansu. Ya ce da farko yaron shi kaɗai yake roƙon direba ya tsaya. Daga baya in lokaci ya yi, 'yan ajin ne ke bubbuga rufin mota. Sai a tsaya a gefen hanya, ya shimfiɗa rigarsa ta hana nutsewa ya yi sallarsa, kowa ya jira. Ya ce ko a tsakiyar kogi ne sai ya nemi dutse ya fita."

Malam ya gyaɗa kai, fuskarsa ba ta nuna komai ba. "Yanzu ce masa na ji alheri. Ya faɗa mini aibinsa. In ya ce ba shi da shi, to bai san shi ba."

Tsohon ya daina murmushi. Ya cire hularsa, ya fara magana a hankali. Khairunnisa na saurare, sai aka ga ta dafe ƙirji.

"Faɗi mana," in ji Malam.

"Ya ce... yana da taurin kai in aka taɓa masa zuciya. Ya ce sau ɗaya ya karya babbar dokarsu, a Chile. Ya ɗaura kyamara a hular kwanonsa, ya saci jiki ya gangara wani mugun wuri shi kaɗai, ba mai igiya. Kwale-kwalen ya kife, ruwa ya danne shi a ƙarƙashin dutse." Ta numfasa ta ci gaba. "Wata 'yar ajinsu da ta je wanke kwanoni ce ta hango, ta jefa masa igiya ta jawo shi. Ya ce da aka fito da shi ba ya numfashi sosai, ita ce ta tallafe shi har ya amayar da ruwan. Ya kwana asibiti."

Malam ya karɓi wayar Saminu ya nuna hoton. Tsohon ya gyaɗa kai. Ba a buƙaci tafinta ba.

"Me ya kai shi?"

Ta tambaya da ƙyar. Amsar ta zo gajeriya. Khairunnisa ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan hijabinta.

"Ba ragi, ba ƙari," in ji Malam a hankali.

"Ya ce... wata yarinya ce a garinsu ta ce ba ta taɓa ganin shi a cikin ruwa ba. Ya so ya ɗauko mata ta gani."

"Wace yarinya? Tambaye shi."

Wayyo Khairunnisa! Da ƙasa za ta tsage da ta shige. Amma umarnin Malam ne, ta tambaya. Tsohon ya sosa gemu, ya ce bai iya ainihin sunanta ba, sai dai wanda duk motar ta haddace. Ya buɗe baki ya faɗe shi rarrabe, da Hausarsa ta Bature:

"Tu-du-na."

Daga bayan ƙyauren cikin gida sai ga muryar Hajo: "Oh ni jikar mutum huɗu! Ashe har Turawa sun san sunan!"

Baffa ya kasa riƙewa, ya fashe da dariya. Malam ya duƙar da kai yana gyara zaman carbinsa, kafaɗunsa na motsi. Abdulbaƙi kuwa ya cusa fuska tsakanin gwiwoyinsa.

Tsohon ya ɗaga hannu, bai gama ba. Khairunnisa ta share ido ta ci gaba.

"Ya ce hukuncin da ya yi masa shi ne wata guda ba shiga ruwa, sai tsayuwa a bakin kogi da igiya. Da watan ya cika, yaron bai ajiye igiyar ba. Har suka gama, shi ne ke tsayawa sai kowa ya wuce lafiya, sannan wani ya karɓe shi ya gangara a ƙarshe. Ya ce in da yana da 'ya, kuma za ta shiga ruwa, Abdulbaƙi zai so ya gani tsaye a bakin kogin."

Sai da ta faɗa ta ankara ta ambaci sunansa a gaban mahaifinta. Ta ƙara dunƙulewa cikin hijabi.

Malam ya yi wa tsohon godiya, aka kashe waya. Sannan ya juya ƙofa.

"Kai kuma, me ya hana ka faɗa mata?"

Abdulbaƙi ya matso a durƙushe. "Allah gafarta Malam, na ji tsoron ta ɗora wa kanta laifi. Ita wasa ta yi. Wautar tawa ce."

"Wauta kam ka yi ta, har biyu, ta ruwa da ta ɓoyewa." Malam ya numfasa. "Na nemi wanda ya gan ka a masallaci ban samu ba. Ashe kai inda ba masallaci ka yi ta yin salla, har waɗanda ba sa yi suka riƙe maka lokaci. Ni ban san me zan ƙara tambaya ba." Ya dubi baffan. "Ku je ku shirya, ku dawo a sa rana."

Saminu ya daɗe a zaune. Daga baya ya tashi ya miƙa wa Abdulbaƙi hannu. "Ka yafe mini. Allah ya sanya alheri." Muryarsa ba daɗi, amma ya faɗa.

Kafin Abdulbaƙi ya kai tashar mota saƙo ya shigo.

"Mai Muciya, ashe saura kaɗan in kashe ka da bakina."

"Ba ke ba ce, Tuduna. Ni ne."

"Na yafe hoton. Ɓoyewar ce ban yafe ba tukuna. Daga yau kar ka sake shiga komai kai kaɗai, ruwa ne ko damuwa. Ka ji?"

"Na ji. Na yi alkawari."

"Kuma muciya ce. Na fi son ta a muciya."

Ya tsaya a tsakiyar hanya yana dariya, ido cike da ƙwalla, har wani ɗan acaɓa ya yi masa tsawa.

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a masallacin Malam, ranar Asabar da hantsi. Mutanen Likoro sun cika motoci, na Makarfi sun zo da rake ɗauri-ɗauri da mazarƙwaila. Hajo ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi, tana cewa ita ce uwargida, a sani. Ango ya kawo mata muciya sabuwa fil, wadda ya sa aka sassaƙa mata mai faɗi a kai biyu.

Ana cikin gaisawa bayan ɗaurin aure saƙo ya shigo wayar ango daga Sarkin Ruwa. Ɗan bidiyo ne. Abdulbaƙi ya durƙusa ya nuna wa surukinsa. Ga motar nan a gefen wata hanya mai duwatsu, kwale-kwale jere a samanta, ɗalibai tsaitsaye suna ɗaga hannu. Ya karanta rubutun da ke ƙasa ya mayar da Hausa:

"Yanzu ba mai salla a cikinmu. Amma har yau in lokacin ya yi, sai wani ya bubbuga rufin mota, mu tsaya kaɗan. Muna taya ku murna, kai da Tuduna."

Malam Ja'afaru ya kalli bidiyon har ya ƙare, ya ce a sake sa masa. Sannan ya share ido da gefen rawaninsa, ya ɗora hannu a kan angon.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya sa ku zama abokan tafiya har Aljanna."

Jama'a suka amsa da amin.

Asabar ɗin da ta biyo bayan tarewa, masu wanki a bakin dam suka ga abin da ba su saba gani ba. Ango na cikin ruwa a jan kwale-kwalensa, amarya na tsaye a kan tudu, lalle bai gama fita daga hannunta ba, ta riƙe jakar igiya gam da hannu biyu. Ruwan kwance yake lumui, ko kaza ba zai ci ba.

"Tuduna, ai nan ba abin tsoro," ya ɗaga murya. "Ki zauna ki huta."

"Tuƙa muciyarka, Malam," in ji ta. "Ina nan tsaye."

Allah ya bar su tare, ya ba su zuriya mai albarka, ya kuma sa duk ruwan da za su shiga su fito a kan tudu.